Yadda ake karɓar baƙuncin baje kolin sassaƙen gargajiya a arewacin Kamaru

Duk wanda ya taɓa sayo ƙofar katako daga kudu ya kawo ta Garwa ya san abin da hunturu ke yi wa itace. Kafin watan Maris ƙofar ta ja jiki, ta bar kafa tsakaninta da bango, wani lokaci ma ta tsage tun daga sama har ƙasa. To, abin da ke samun ƙofa shi ke samun mutum-mutumin da wani masassaƙi ya yi a Fumban ko Bafut shekara ɗari da suka wuce. Ita ƙofa kafinta zai yi maka wata. Shi kuwa mai sassaƙar ya daɗe a ƙasa.

Na soma da wannan ne saboda a shekarun da na yi ina aiki a wata cibiyar al'adu a nan Garwa, na lura idan aka ce za a kawo baje koli, hankalin kowa yana tafiya ne ga jawabin buɗewa da kujerun manyan baƙi. Alhali abin da zai sa masu kaya su sake ba mu aro, ko su rufe mana ƙofa, shi ne halin da kayansu suka koma hannunsu. Baje koli mai yawo kayan wani ne, na gidan tarihi ko na fada, ake zagawa da su gari-gari, su yi wata ɗaya ko biyu a wurinka su wuce. Kai mai masauki ne, kayan kuma amana.

Kuma lokaci ya yi da za mu iya wannan aiki. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris kaɗai akwai kayan Chadi fiye da 9,000, na Kamaru fiye da 7,000. Wani binciken da aka wallafa a 2023 ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus. An fara maganar dawo da wasu: a 2022 masu kula da gidajen tarihin Berlin suka amince su mayar wa mutanen Nso da Ngonnso, sassaƙar uwar da ta kafa masarautarsu, wadda aka kai can a 1903. Idan kaya suka fara dawowa, a Yawunde da Duwala da fadojin yamma za su tsaya, sai fa in mu na arewa mun nuna muna da ɗakin da za a amince a ajiye su. Ina son ɗan makaranta a Marwa ya ga aikin kakannin ƙasarsa da idonsa, ba a hoton littafi ba.

Da farko, san abin da za a kawo maka

Kafin ka ce "mun yarda", nemi cikakken jerin kayan. Kowane ɗaya da hotonsa gaba da baya, lambarsa, tsawo da faɗi da nauyi, abin da aka yi shi da shi, da inda ya fito. Akwai tsarin bayanin kaya da ake kira Object ID, wanda aka fito da shi a 1997, 'yan sandan ƙasa da ƙasa da jami'an duwan, wato kwastan, duk sun san shi. Ka roƙi a cike maka jerin bisa wannan tsarin.

Da jerin ya zo, raba kayan a takarda gida uku. Na itace, har da waɗanda aka yi wa ado da fata, wuri, duwatsun ado, gashin tsuntsu ko zare, su ne masu wahala, su za ka gina duk shirinka a kansu. Na tagulla, kamar ƙananan mahaya doki na ƙabilar Kotoko da ake zubawa ta hanyar narkar da kakin zuma, ba ruwansu da bushewar iskarmu, damina ce abokiyar gabarsu. Na gasasshen yumɓu, irin kawunan da tsohuwar al'ummar Sao ta bari, waɗanda aka tono a kudancin Tafkin Chadi, su kuma girgizar hanya ce ke kashe su.

Sai tambayar da mutane ke jin nauyin yi: ta yaya wannan abu ya shigo hannunku? Yi ta, a rubuce. A 1966 aka sace Afo-A-Kom, mutum-mutumin sarautar mutanen Kom, daga fadarsu ta Laikom, ya ɓulla a New York, sai 1973 ya dawo gida bayan doguwar rigima. Kayan Sao kuwa suna cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗarin sata wanda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000. Idan mai kaya ɗan kasuwa ne, ya kasa nuna takardar da ta bayyana yadda kan Sao ya bar ƙasa ya zo shagonsa, cire wannan daga jerin. Baje abu a cibiyarka tamkar ka sa masa hannu ne cewa halal ne, kuma farashinsa zai tashi saboda sunanka.

Na biyu, zaɓi wata, sannan ka auna ɗakinka

A nan zan daɗe, domin nan ne ake cin nasara ko a faɗi.

Itace yana shan laimar iska ya kumbura, ya saki ya tsuke. Ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare: ta kewaye yakan ja kusan ninki biyu na yadda yake ja daga tsakiya zuwa baya. Shi ya sa gungumen da aka sassaƙa ɗungurungum yake tsagewa a tsaye idan ya bushe farat ɗaya. A Duwala laimar iska tana wuce kashi 80 cikin ɗari galibin shekara. A Garwa da Marwa, daga Janairu zuwa Maris, takan sauka ƙasa da kashi 20, zafi kuma a Maris da Afrilu ya haura digiri 40. Gidajen tarihi galibi suna neman a riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 60, kuma kada ta yi ta tsalle a cikin yini guda. Ka ga nisan da ke tsakani.

Saboda haka idan kayan itace ne daga kudu, ni shawarata a karɓe su a ƙarshen damina, Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Iska da sauran laima, makarantu sun koma, za ka samu ɗalibai, kuma kayan sun tafi kafin hazo ya kankama. In an matsa maka lamba cewa sai a Fabrairu don ya dace da wani biki, to ka ce kayan tagulla da na yumɓu kawai za ka ɗauka, ko kuma na itacen da aka sassaƙa a nan arewa, waɗanda suka saba da iskarmu.

Sayi na'urar auna zafi da laima, irin 'yar ƙaramar nan mai batir wadda ke ajiye lissafi da kanta. Guda biyu ko uku. Rataye su a ɗakin tun wata uku kafin zuwan kaya, nesa da taga, daidai tsayin da kayan za su zauna. In wadda ka samu ba ta ajiye lissafi, a sa mutum ɗaya ya riƙa rubutawa a littafi sau uku a rana: da hantsi, bayan azahar, da bayan isha'i. Wannan littafin shi za ka aika wa masu kaya, kuma kada ka gyara lamba ko ɗaya don ta yi kyau. Gara su ga gaskiya su zo da shiri.

Yanzu maganar na'urar sanyaya ɗaki. Mutane na ɗauka da an sa ta an gama. Ita tana ƙara busar da iska ne, kuma wutarmu daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, wadda idan ruwa ya ja baya a bazara sai an yi rabon wuta unguwa-unguwa. Ɗakin da ya yi sanyi da safe, ya zama tanda da rana, ya sake sanyi da dare, ya fi ɗakin da bai da na'urar sam cutar da itace. Na ga wannan da idona. Wata shekara aka ba mu aron kujerar sassaƙa mai siffar damisa, muka sa ta kusa da na'urar don muna ganin mun girmama ta. Kwana na tara maigadi ya tare ni tun a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, jiya da tsakar dare na ji wani abu ya ce ƙas a ciki, kamar an karya kara." Muka shiga da tocila. Tsaga ce siririya a bayan damisar, tsawon ɗan yatsa, farin itace yana leƙowa ta cikin baƙin da shekaru suka shafa mata. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. In ba ka da janareta ko hasken rana da zai riƙe na'urar dare da rana ba yankewa, zaɓi ɗaki mai kaurin bango, mai silin, wanda ba ya kallon yamma, ka bar shi a yanayinsa.

Abin da ya fi aiki a wurinmu shi ne akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da ƙwayoyin silika a aljihun ƙasansa. Silika tana shan laima idan ta yi yawa, ta sake ta idan ta yi ƙaranci, amma sai an fara daidaita ta a kan adadin da ake so, misali kashi 50, kafin a zuba. Wadda aka ciro a bushe daga kwalin takalmi za ta tsotse ruwan itacen ne ma. Ƙa'idar da aka saba ita ce kimanin kilo 20 ga kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na cikin akwatin. Nemi masu kaya su zo da tasu a daidaice, ka sa wannan cikin yarjejeniya.

Sauran gyaran ɗaki ba ya buƙatar dogon bayani. Toshe kafofin taga saboda ƙura. Duba gindin bango ko akwai hanyar gara. Hau rufi ka duba yoyo. In za a yi fenti, a gama shi aƙalla mako uku kafin kaya su shigo, warin sabon fenti yana ɓata tagulla.

Na uku, je fada, je wurin malamai

Wannan mataki ba za ka same shi a takardun da Turawa ke aikowa ba, amma a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, in ka tsallake shi, za ka share ɗaki ka zauna kai kaɗai. Kalma ɗaya ce matsalar: gunki. Da zarar ta fita a gari cewa "an kawo gumaka cibiya", iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Tun wata biyu kafin buɗewa, nemi iso wurin Lamiɗo ta hannun wanda ya dace, ka tafi da hotunan kayan. Daga nan Sarkin Hausawa, limaman manyan masallatai, da shugabannin coci. Kada ka aika takarda kawai, taka da ƙafarka. Kuma kada ka je da niyyar gardama kan hukunci, wannan fagen malamai ne. Naka shi ne ka faɗi gaskiyar kowane abu: wannan kujerar sarauta ce, wannan ginshiƙin ƙofar fada ne, wannan lofe ne na shan taba, wannan kuwa e, masu shi sun yi masa yanka a da, kuma mun ajiye shi ne don a san tarihi. Kada ka ɓoye na ƙarshen. In aka gano daga baya, maganarka ta zube gaba ɗaya.

Na taɓa zama gaban wani dattijon malami a zaurensa, na baje masa hotuna a kan buzu. Ya daɗe yana kallon ɗaya, 'yar tsana ce ta Fali da aka lulluɓe da jajayen duwatsun ado. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan saurayi ne ke yi wa budurwar da zai aura, ta riƙa goya ta har Allah ya ba ta haihuwa." Ya gyaɗa kai ya ce ya san ta, a ƙuruciyarsa ya sha ganin 'yan mata da ita a kasuwa. Sannan ya ce, "Yaro, ku rubuta a jiki ko na wane ne da abin da ake yi da shi. Kada ku sa turare, kada ku sa wani ya durƙusa. Mai son sanin yadda na da suka rayu ya je ya gani." Da wannan na fita, kuma almajiransa manya sun zo a mako na biyu.

A sanarwar rediyo da ta masu shela, yi amfani da "sassaƙa", "aikin hannu", "kayan tarihi". Haka kuma akwai ɗaya ɓangaren: masu kayan na asali. Wasu fuskokin dodo na ƙungiyoyin fada a yamma, irin su Kwifon, ba kowa aka yarda ya gani ba. Idan jerin na ɗauke da irinsu, tuntuɓi 'yan ƙabilar da ke zaune a garinka, kusan kowace tana da ƙungiya da shugaba. In sun ce a rufe, a rufe.

Na huɗu, takardu

Rubuta wa wakilin Ma'aikatar Fasaha da Al'adu na jiharka tun da wuri, domin dokar kayan tarihi ta 18 ga Afrilu 2013 ta ɗora wa ma'aikatar kula da zirga-zirgar irin waɗannan kaya. Yarjejeniyar aro ta fayyace ranar zuwa da ta tafiya, wa zai biya mota, wa ke da izinin taɓa kaya, ko an yarda a ɗauki hoto, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Inshora ta zama irin wadda ke rufe kaya tun daga ɗaga su a gidansu har mayar da su mazauninsu, kuma ka karanta ƙananan rubutun: da yawa ba sa biyan asarar da ta shafi yaƙi ko ta'addanci, wannan kuwa ya shafi duk wanda zai bi hanyar Mora zuwa Kuseri.

In kayan za su tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena, ko daga can za su shigo, sai an yi takardar shigar wucin gadi a duwan da izinin fita daga ƙasar da ta ba da aro. Nemi alfarma a rubuce cewa ba za a buɗe akwatuna a bakin iyaka ba, jami'i ya biyo ku cibiya a buɗe a gabansa. Buɗe akwati a tsakar rana a kan gada yana rushe duk wahalar da aka sha.

Na biyar, hanya

Daga Yawunde jirgin ƙasa yana kwana a hanya kafin ya isa Ngaundere, kimanin kilomita 620. Daga nan mota ce: wajen kilomita 275 zuwa Garwa, da gangaren dutse mai lanƙwasa da ake kira falez a farkonta, sai wasu 200 da 'yan kai zuwa Marwa. Ɗauki mota mai rufaffen baya, wadda ba a haɗa kayanka da buhunan siminti ko jarkokin mai ba. A shimfiɗa katifun soso a ƙasa, a ɗaure kowane akwati da bel a jikin motar, kada a ɗora wani kan wani. A tashi da asuba. In an tsaya salla ko cin abinci, a nemi inuwa, kuma mutum ɗaya ya zauna wurin motar. Wakilin masu kaya ko naka ya kasance cikin tafiyar da kwafin duk takardu, saboda shingayen jandarma. Ka gaya wa direba tun farko cewa za a biya shi kuɗin kwana ɗaya ƙari, don kada ya yi gudu.

Na shida, buɗe akwati

Kaya sun iso, kowa na ɗoki. Kada a buɗe. A shigar da akwatunan ɗakin da za a baje su, a bar su a rufe awa 24, in da hali 48, domin iskar ciki ta daidaita da ta ɗaki sannu a hankali. Ko gwamna ne ya ce yana son leƙawa, a ba shi haƙuri.

Ranar buɗewa a tanadi babban tebur da aka shimfiɗa wa bargo da farin ƙyalle a sama. Mutum huɗu sun isa: wakilin masu kaya, kai, mai ɗaukar hoto, mai rubutu. A cire zobe, agogo da carbi, a naɗe hannun babbar riga ko a tuɓe ta. A sa safar hannu ta roba. Amfaninta biyu ne: gumin hannu yana barin tabo a tagulla, sannan kayan da suka daɗe a gidajen tarihin Turai da yawa an taɓa fesa musu guba irin su arsenik da DDT don kashe ƙwari, ba ka son wannan a fatarka.

Akwati ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗauki hoton yadda aka jera cikinsa kafin a ciro komai, za ka gode wa kanka ranar mayarwa. A ɗaga abu da hannu biyu, ɗaya a gindi ɗaya a jiki. Ba a ɗaga mutum-mutumi ta wuya ko hannu, ba a ɗaga fuskar dodo ta ƙaho. Sannan a duba shi da tocila daga sama har ƙasa, a kwatanta da takardar yanayinsa da aka cike a inda ya fito: wannan tsagar tana nan da ma? Ta ƙaru? A auna ta da rula a rubuta. Wuri nawa ne a wuyan, goma sha biyu aka ce, goma sha biyu ne? Ku biyu ku sa hannu. Kada a zubar da takardar naɗi sai an girgiza ta a kan ƙyallen, sau da yawa ɗan dutsen ado da ya faɗo yana ciki. In an samu, a sa shi a 'yar leda a rubuta lambar kayan. Ba a liƙa komai da gam.

Lura da gari mai laushi kamar na alkama a ƙasan akwati ko bakin ƙananan ramuka. Alamar ƙwaro mai rai ce a cikin itacen. A keɓe wannan a leda mai kauri a ɗaure, a sanar da masu shi. Maganin da gidajen tarihi ke yi shi ne rufe abu a jakar da aka cire wa iskar shaƙa har mako uku, ko daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na wajen mako guda, kuma duk biyun sai da izininsu. Fiya-fiya da sauran maganin feshi na kasuwa kada su kusanci ɗakin. A tagulla kuma, in ka ga kore mai haske yana fitowa kamar hoda, ciwo ne da ke cin ƙarfen, laima ke tayar da shi, a sa wannan a wuri mafi bushewa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a goge, kada a shafa mai. Mu mun saba abu mai daraja a wanke shi ya yi ƙyalli, sai mai shara da kyakkyawar niyya ya ɗauko tsumma da man kaɗanya. Baƙin nan da ya daskare a jikin sassaƙa, na hayaƙi ne da manja da jan garin itace da hannayen da suka riƙe ta, shi ne shaidar shekarunta. Ƙura kawai ake cirewa, da buroshi mai taushi, kuma mutum ɗaya da aka horar.

Na bakwai, jeri da haske da rubutu

Kada ka cika ɗaki. Sassaƙa ana zagaya ta ne, a bar wa kowace fili yadda mutum biyu za su wuce ba gogayya. Kafinta ya yi dakali masu nauyi a gindi, a zuba buhun yashi a ciki don kada yaro ya ture. Dogayen kaya a tallafe su da ƙarfen da aka naɗe da ƙyalle, ba a huda su da ƙusa. Ƙananan abubuwa, irin mahayan Kotoko da ba su wuce tsawon yatsa ba, dole cikin gilashi mai makulli, su ne ke shiga aljihu.

Hasken rana kai tsaye kada ya taɓa komai. Yi amfani da ƙwan LED, ba ya zafi. Ga itace tsura haske matsakaici ya isa, wajen luks (ma'aunin haske) 150 zuwa 200, ga mai ƙyalle ko gashin tsuntsu kuwa luks 50. Haska daga gefe kaɗan, nan ne sawun gizago ke fitowa, mai kallo ya ga inda masassaƙi ya sara ya sake sara.

Rubutun jikin kaya ya zama gajere, manyan baƙaƙe, da Faransanci da Turanci, sannan Fulatanci da Hausa. In ka samu mai rubuta ajami, ƙara shi, za ka ga dattawa sun tsaya suna karantawa da kansu. A Njamena Larabci ya zama dole. Kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta: Fali, Mafa, Kapsiki, Dowayo. 'Yan tsanan Dowayo na yankin Poli sun yi suna a kasuwannin duniya da sunan Namji, amma wannan suna ne da wasu suka laƙaba musu, ba sa so. Kalmomin "kirdi" da "arna" kada su bayyana ko a bango ko a bakin masu yi wa baƙi bayani. In an san sunan masassaƙin, a rubuta shi a sama.

Ɗauki ɗaliban jami'a huɗu ko biyar, daga Ngaundere, Marwa ko Garwa, ka horar da su mako guda su riƙa zagawa da mutane. Yawancin baƙinmu da kunne suke karɓar labari. Kuma ka ware rumfa a waje ga masu aikin yau, maƙeran tagulla da masassaƙa irin na cibiyar sana'o'in hannu ta Marwa, su yi aiki a gaban jama'a su sayar da sabon abin da suka yi. Mai tallan "tsohon kaya" kuwa a sallame shi tun daga ƙofa.

Na takwas, buɗewa da tsaron kullum

Kauce wa lokacin sallar Juma'a, da yammacin azumi in ya faɗo ciki. A yi jawabai da shaye-shaye a tsakar gida, ba a shiga ɗakin da ko ruwan leda. Manyan baƙi su shiga rukuni-rukuni, dogarai da 'yan rakiya su jira a waje in ban da mutum ɗaya ko biyu, wannan kuma tun a fada za ka nemi alfarmarsa. 'Yan makaranta kada su wuce ashirin a lokaci guda. Ware yini ɗaya a mako na mata zalla, da mata masu bayani, za ka sha mamakin yawan waɗanda za su fito.

Kullum kafin a buɗe da bayan an rufe, mutum biyu su zagaya da jerin hotuna su ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, su sa hannu. A duba ma'aunin laima, a duba ƙarƙashin kowane abu ko gari ya zubo. Shara da tsumma mai ɗan danshi, ba tsintsiya ba. Makulli biyu a hannun mutum biyu dabam. Kuɗin da aka ƙiyasta wa kaya a takardar inshora ya tsaya tsakaninka da masu su, kada ya shiga kunnen ɗan jarida.

Na ƙarshe, sallama

Ware kwanaki daidai da waɗanda ka ɗauka wajen buɗewa, har da ƙarin ɗaya. A sake duba kowane abu da tocila da rula a gaban wakilin masu kaya, a kan takardar nan dai da kuka sa wa hannu ranar zuwa. In wani abu ya canza, ko da tsagar ta ƙaru da kaurin gashi ne, kai za ka fara faɗa, a rubuta, a ɗauki hoto. Haka muka yi da kujerar damisa, kuma bayan shekara biyu gidan ya sake ba mu aro. A mayar da kowane abu akwatinsa bisa hoton da ka ɗauka, a duba ɗaki da kwandon shara kafin a ɗaure murfin ƙarshe.

Sannan ka kwafi littafin awon zafi da laima na duk kwanakin, ka ba wakilin ɗaya, ka aika ɗaya ga cibiyar da kayan za su sauka gaba, tare da bayanin wane ne ya fi saurin motsi da wane akwati ne murfinsa ke cijewa. Karɓi lambar direba. Idan sun kira sun ce mota ta iso Marwa lafiya, tuna musu kada su buɗe sai jibi.